Mudu Biyu: Labarin Babana da Masaƙar Kakuri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta labarin nan, duk sanda na ɗauko waya na fara sai in goge, saboda akwai wurin da ni kaina labarin bai ƙyale ni ba. Amma tun rasuwar Baba abin yake ta cina a rai, gara dai in faɗa in huta, wanda Allah ya sa zai amfana ya amfana.

A Kakuri aka haife ni, cikin garin Kaduna, shekarar 1981. Wanda bai ga Kakuri ta wancan lokacin ba zai yi wuya ya yarda da abin da zan faɗa. Mu a gidanmu ba ma neman agogo, jiniyar masaƙa ce agogonmu, ta asuba in ta yi Inna ta san lokacin ɗora koko ya yi, ta rana in ta yi mun san Baba yana hanya. Lokacin canjin aiki in ka tsaya bakin titi kekuna kawai zaka gani kamar fari, masu shiga da masu fita, Bahaushe da Bayarabe da Tibi da Idoma da Ibo da mutanen kudancin Kaduna, ga masu ƙosai da waina da doya da shayi sun yi layi a bakin get, kowa yana ci daga masaƙa ko da bai taɓa shiga cikinta ba. Tun 1957 zamanin Sardauna aka buɗe masaƙa ta farko a Kaduna, wasu suka biyo baya, har ana cewa in ka cire gwamnati babu mai ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan kamar masaƙu.

Baba a ɓangaren saƙa yake, shekara ashirin da wani abu. Yana dawowa gida gashin kansa da girarsa da gemunsa fari fat da ƙurar auduga, ni nake kawo masa ruwa a buta ya wanke, ina tsaye ina kallon yadda ruwan yake gangarowa da zare-zare ƙanana. Kuma da ƙarfi yake magana, mutane suna zaton faɗa yake, alhali ƙarar inji ce ta taɓa masa kunne. Bai taɓa kuka da wannan ba. Alfahari ma yake yi. Kakanmu, mahaifinsa, manomin auduga ne a wani ƙauye kusa da Funtua, audugar tasu a Funtua ake gurzarta a ɗaure ta a kawo Kaduna, shi ya sa Baba yake yawan cewa uba ya shuka, ɗa ya saƙa, jika ya saka. In ya faɗa sai ya ja wuyan rigata ta sallah yana dariya.

Wani hutu da aka kai ni ƙauye, ban wuce shekara tara ba, na bi Kaka cin kasuwa. Muna wucewa ta layin 'yan hatsi ya tsaya gaban wani mai awo, bai ce masa komai ba sai da muka yi gaba sannan yace min, ka ga mutumin can, mudu biyu gare shi. Ɗaya yana ƙarƙashin buhu, an bubbuga gindinsa ya zurma, da shi yake saye a hannun matan ƙauye. Ɗayan da ke sama an danna gindinsa ya taso, da shi yake sayarwa. Da muka dawo ta wurin na leƙa da kyau, wallahi na ga bakin mudun na biyu ya leƙo daga ƙarƙashin buhun. Kaka ya karanta min farkon suratul Muɗaffifina ya fassara min da Hausa, cewa bone ya tabbata ga masu tauye mudu, waɗanda in za su auna daga mutane sai su cika, in su za su aunar musu sai su rage. Yace min ba wanda ya hana shi neman riba, laifinsa ɗaya ne, abin da bai yarda a yi masa ba shi yake yi wa mutane. A lokacin na ɗauka maganar dawa da gero ce kawai.

SAP, wato shirin gyaran tattalin arziki, ta zo ina ɗan shekara biyar, ban san komai ba sai abin da na riƙa ji a bakin manya daga baya. A 1985 Babangida ya ce 'yan ƙasa su yi muhawara ko a karɓi bashin asusun ba da lamuni na duniya IMF ko kar a karɓa, jama'a suka ce ba sa so, aka ce an fasa, amma a 1986 sai ga sharuɗɗan sun shigo da sunan shirin gyaran tattalin arziki. A karya darajar naira, a janye tallafi, a buɗe kasuwa, gwamnati ta cire hannunta daga harkar saye da sayarwa. Nairar da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta koma wajen naira 4 a dala ɗaya cikin ɗan lokaci, kayan gyaran inji da rini da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. A shekarar ne kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Gaskiya ɗaya ce, Kaka bai taɓa yabon hukumar nan ɗari bisa ɗari ba, yana cewa su ma suna danne farashi, amma yace aƙalla angurya mai kyau tana zuwa kan kari, malamin gona yana zagayowa, kuma ka san farashi tun kafin ka kai fuloti. Da aka rushe ta ba a sa komai a gurbinta ba, aka ce kasuwa za ta gyara kanta. Iri ya gauraye, auduga ta lalace, a hankali Kaka ya mayar da gonarsa ta masara.

Masaƙa ba rana ɗaya ta mutu ba, jinya ta yi mai tsawo. Najeriya ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya WTO a 1995, ƙarshen shekarun 1990 aka sassauta shigo da yadi, ga fasa-ƙwauri ta kowace kafa, ga wuta babu, ga baƙin mai na tukunyar inji ya yi wuya. Aka fara rage aikin dare, aka koma albashi sai an yi wata biyu a ba da na ɗaya. Ran da abin ya ƙare ba zan manta ba, Baba ya fita da asuba da kekensa kamar kullum, ƙarfe bakwai bata yi ba sai ga sallamarsa. Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu tace Malam lafiya? Yace an rufe get, an manna takarda. Ya jingine keken ya shiga ɗaki, abincin da ta ƙulla masa a kwano yana nan ɗaure a bayan keken har azahar ba wanda ya iya kwance shi.

Aka ce su yi haƙuri za a biya su haƙƙinsu na sallama. Baba ya yi ta zuwa taro da wata jakar leda mai takardunsa, yau a ce wata mai zuwa, gobe a ce an kafa kwamiti. Abokan aikinsa wasu suka koma acaɓa da furfurarsu, wasu gadi, wasu suka koma garuruwansu, da yawa kuma a jiran kuɗin nan muka yi musu sallah. Ni ina shekarar farko a makarantar gaba da sakandare na ajiye, babu wanda yace in ajiye, na duba gida ne na ga ƙannena biyar.

Toh a wannan zaman ne Baba ya zama ɗan rediyo. Da ma yana ji, amma yanzu sai ya zama ba ya rabuwa da ita, safe da rana da dare, tashoshin waje masu Hausa duk ya san lokacinsu. Wani dare a 2003 muna kan tabarma a tsakar gida aka yi rahoto kan auduga. Ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, sun kai kuka gaban WTO, har shugaban Burkina na lokacin Blaise Compaore ya je Geneva da kansa a watan Yuni. Kukansu shine, an sa su sun janye wa manomansu tallafi, sun bi duk abin da aka ce, audugarsu tana da kyau kuma noman ta ya fi araha, amma farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya saboda Amurka tana zuba wa nata manoman kuɗi. Ƙungiyar Oxfam ta yi lissafi cewa a kakar 2001 zuwa 2002 manoman auduga kimanin 25,000 a Amurka sun samu tallafin dala biliyan 3.9, kuɗin da ya fi duk abin da tattalin arzikin Burkina Faso yake samarwa a shekara. Manomin da gwamnati ta cika masa aljihu ko ya sayar da asara bai yi asara ba, shi kuwa na Koutiala ta Mali ko Bobo ta Burkina ko Funtua da fartanya da jakinsa ina zai sa kansa.

Baba ya rage muryar rediyon ya daɗe shiru, sannan yace min, kai, ashe su suna ba nasu? Nace haka aka ce Baba. Yace mu kuma suka ce haramun ne? Nace eh. Sai ya girgiza kai yace mudu biyu. Ban taɓa gaya masa abin da Kaka ya nuna min a kasuwa ba, ashe shi ma an nuna masa yana yaro. A watan Satumba aka yi babban taron WTO a Cancun ta ƙasar Meziko, muka bi shi a rediyo kamar ana wasan ƙarshe, daftarin da aka fitar kan auduga maimakon ya ce a daina tallafin sai ya karkata ga ba ƙasashen nan shawarar su faɗaɗa zuwa wasu sana'o'in. Taron ya watse ba a cimma komai ba. Daren nan Baba bai ci tuwo ba, kuma wallahi ba shi da ko ɗan uwa ɗaya a Burkina.

A 2004 Kawu, ƙanin Inna, ya ɗauke ni zuwa Kano na zama yaron shagonsa a Kantin Kwari. Nan ne wurin da nace labarin bai ƙyale ni ba. Aikina na farko shine sauke diloli daga mota da daddare, atamfa da shadda da yadi, kusan duk daga Chaina, wasu zanen ma irin na masaƙunmu ne sak aka kwafa aka buga can. Kowa a layin ya san ta inda kayan suke biyowa, a sauke a Kwatano, a haura da su Nijar, su shigo ta iyakar arewa, kuma a lokacin ma an ce an sake hana shigo da su, kowa kuma ya san ba aljanu ne suke buɗe musu hanya ba. Da kuɗin nan na biya wa ƙannena makaranta, da shi na aurar da biyu, da shi nake saya wa Baba maganin hawan jini. Ran da na fara kai masa shadda ta sallah ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya ɗaga ta a rana, ya ja bakinta, yace zaren ba shi da nauyi amma Allah ya yi albarka. Ya ɗinka ya saka saboda ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ina Kwari aka shiga 2005, ranar 1 ga Janairu tsohuwar yarjejeniyar da ta ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta shigar ƙasashen Turawa ta ƙare. Ku lura da wannan, shekara talatin, tun 1974, Amurka da Turai suna da katangar da suka kare masaƙunsu da ita, a daidai shekarun da ake mana wa'azin buɗe ƙofa. Da katangar ta faɗi kayan Chaina suka kwararo musu, ko wata shida ba a yi ba Amurka ta sake sa wa wasu kayan Chaina iyaka, Tarayyar Turai ma ta zauna da Chaina a watan Yuni suka sake ƙayyadewa. Wata shida kacal suka ɗanɗana abin da muka shekara muna sha suka ce ba za su iya ba. Kuma ni ban ga laifinsu ba a nan, ma'aikacin masaƙa a Italiya ko Karolaina ta Amurka shi ma uba ne, shi ma yana da yaro mai kawo masa ruwa a buta. Tambayata ita ce me ya sa hawayensa ya zama hujja, na Babana kuma ya zama rashin fahimtar tattalin arziki.

Da wayoyi suka yawaita na koma karatu da kaina, in kasuwa ta yi sanyi bayan la'asar sai in zauna kan dila ina bincike, abin da na bari a makaranta nake ramawa. Nan na gano abin ya daɗe. Ingila da ake kira uwar kasuwanci maras shinge, a 1700 da 1721 dokoki ta yi na hana yadin Indiya saboda ya fi nata kyau da araha, sai da masaƙunta na yankin Lankasha suka tsaya da ƙafarsu suka fi ƙarfin kowa sannan ta fara kiran a buɗe kasuwa. Amurka ma kusan duk ƙarni na 19 da kuɗin fito mai tsauri ta rene masana'antunta. Mu kuwa Kano tana saƙa tana rini tana kai kaya har Timbuktu da Tarabulus tun kafin Bature ya zo, marinar Ƙofar Mata tana nan shaida, da suka ci ƙasar burinsu shine mu noma auduga a ɗora a jirgin ƙasa a kai musu, su saƙa su dawo mana da ita. Wato kowa da tsani ya hau, da ya kai sama sai yace tsani ba kyau.

Abin da ya fi tsaya min a wuya shine shari'ar Burazil. Ita ma ta kai Amurka ƙara gaban WTO kan tallafin audugar nan a 2002, ta yi nasara a 2004, aka ɗaukaka ƙara ta sake nasara a 2005. An tabbatar kenan a gaban alƙalan da su suka kafa cewa an saɓa doka. Sai me ya faru? Da Burazil ta samu izinin ramawa a kan kayan Amurka, a 2010 Amurka ta amince ta riƙa biyan ta kimanin dala miliyan 147 duk shekara, a 2014 aka ba ta dala miliyan 300 aka rufe maganar. Wato aka biya mai ƙarfin ramawa ya yi shiru. Manoman Mali da Chadi da Benin da Burkina waɗanda cutar ta fi ci, su da suka yi kuka a gaban duniya, ba su cikin rabon nan, saboda ko an ba su izinin ramawa da me za su rama.

Sai kuma maganar gwanjo. A 2016 ƙasashen gabashin Afirka suka shirya za su daina shigo da gwanjo a hankali don su tayar da masaƙunsu. 'Yan kasuwar gwanjo na Amurka suka kai ƙorafi, aka yi wa ƙasashen barazana da AGOA, shirin nan na 2000 da ya ba kayan Afirka damar shiga Amurka ba kuɗin fito. Kenya da Uganda da Tanzaniya suka ja da baya, Ruwanda ta tsaya, a 2018 aka dakatar da rangwamen da ake yi wa tufafinta. Ƙaramar ƙasa tace bata son 'ya'yanta su ƙare a tsumman wasu, aka hukunta ta. Bayan 'yan shekaru ƙasar da ta yi hukuncin ta ware sama da dala biliyan 50 a 2022 don tallafa wa masana'antun ƙananan na'urorin kwamfuta a gida, a 2024 ta sa wa motocin lantarki na Chaina kuɗin fito kashi 100. In su suka yi sunansa kare ayyukan yi da tsaron ƙasa, in mu muka yi sunansa lalata kasuwa.

Kar wani ya ɗauka ina wanke Chaina ne ko ina wanke mu. Chaina ma tana zuba wa manoman audugarta da masana'antunta tallafi mai yawa, kuma 'yan kasuwarta yanzu a cikin Kwari suke da kansu suna gasa da mu a kan kayan da mu muka koya musu irin wanda mutanenmu suke so. Mu kuma babu Baturen da ya hana mu gyara wuta, babu wanda ya sa mana bindiga yace mu karɓi cin hanci a kan iyaka, babu wanda ya ce a riƙe haƙƙin tsofaffin da suka ƙarar da kunnensu da huhunsu a gaban inji. Manyanmu da suke zuwa taro suna cewa a sayi kayan gida, dubi shaddar da ke jikinsu, mu muke sayar musu, mun san daga inda ta fito. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, wannan gaskiya ne. Amma tsagewar bangona bata halatta wa maƙwabcina ya zo yana min nasihar in rushe sauran alhali shi yana ƙara wa nasa tsawo.

Wadda ta ƙarasa buɗe min ido wata Hajiya ce daga Maraɗi, tsohuwar mai sayen kaya a wurina, sa'ar Inna ce shi ya sa nake ce mata Hajiya Babba. A watan Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, a Yamai ma aka yi, watan Agusta kuma muka rufe iyakokinmu na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Ni a lokacin ina cikin masu goyon baya, ina cewa ai shinkafarmu muke karewa. Da aka buɗe ta zo, ta rame, muka gaisa na kawo mata ruwa, ina ta bayanin dalilin gwamnati. Ta bari na gama tace ɗana, kullum in na zo shagon nan kana min labarin yadda manyan ƙasashe suka yi wa babanka, to mu ku ne babbar ƙasarmu. Tace albasa da wake da dabbobin mutanenmu sun lalace a bakin iyaka, yarana biyu masu dako sun zauna, ku da kuka sa hannu a garinmu ko wata biyu ba a yi ba. Na rasa abin da zan ce mata sai haƙuri. A 2023 kuma bayan juyin mulkin Nijar aka sake rufewa har da yanke musu wuta, ta kira ni a waya tana cewa asibitocinsu a duhu. Daga ranar na daina ganin mudu biyu a matsayin halin Bature, hali ne na duk wanda ya samu kansa a sama kuma ya tabbata na ƙasa ba shi da yadda zai yi. Ni ma da nake sayar da kayan da suka rufe get ɗin Babana ina zuwa masallaci ina tsine wa masu yi, nawa mudun yana ƙarƙashin buhu.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Na ware kanta ɗaya a shagon na kayan gida, rinin Kano da saƙi da ɗan abin da sauran masaƙun da suka rage suke fitarwa, ribar bata kai ta sauran ba kuma yakan daɗe bai fita ba. Na kuma daina abin da da yawa muke yi, na ce wa mai saye kaya na wata ƙasa ne alhali na san ba nan aka yi shi ba. Na yi asarar wasu masu saye a kan haka. Ban bar sayar da kayan Chaina ba, ina da iyali da yara shida a shago da suke ci a ƙarƙashina, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na samu natsuwa a kan wannan ba, ina dai roƙon Allah ya kawo min mafita.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, aka saki naira, masu ba da bashi na duniya suka yaba. Na san akwai sata a harkar tallafin nan, kowa ya sani. Amma a 2022, da gas ya yi tsada a Turai saboda yaƙin Yukiren, Jamus kaɗai ta ware har yuro biliyan 200 don sauƙaƙa wa mutanenta da masana'antunta kuɗin makamashi. Na je Kaduna duba Baba lokacin, jiki ya yi rauni, ji ya ƙara raguwa sai na kai bakina kunnensa. Yace nawa ka biya mota? Na faɗa masa. Yace su can da sanyi ya zo an bar su? Nace a'a Baba, an taimaka musu. Yace to madalla, haka ya kamata shugaba ya yi wa mutanensa. Bai ƙara komai ba, ya juya yana jan carbinsa.

A 2024 Allah ya karɓi abinsa, da asubar wata Talata, haƙƙinsa na masaƙa bai fito ba har yau, jakar ledar tana nan rataye a ƙusa. Ƙanina ya kira ni ina shirin fita masallaci. Na buɗe shago da hannuna na yanki farin yadi mafi kyau da nake da shi na sa a jaka na kama hanyar Kaduna, ina kuka ina tuƙi. Da na isa gida ya cika, na shiga wurin Inna na durƙusa na miƙa mata nace ga likkafani. Ta karɓa ta duba ta mayar min tace ɗana ajiye wannan, Malam yana da nasa. Ta sa ƙanwata ta jawo tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, can ƙasa ƙarƙashin zannuwan aurenta ta ciro wani ƙunshi a cikin takardar siminti ɗaure da zare. Alawayyo ne, ya ɗan yi ja-ja a wurin ninki, yana ƙamshin kafur. Tace tun shekarar da aka fara rage musu aikin dare ya saya a kantin ma'aikata ya kawo min, yace in ranar ta zo a sa shi a cikin wanda ya saƙa. Na murza shi tsakanin yatsuna kamar yadda yake yi, zaren yana da nauyi. Liman ya auna ya yanka, ya isa har da ragowa. Inna ta ninke ragowar ta mayar cikin adaka, nawa yadin kuma na dawo da shi Kano a jakar da na kai shi.